Magana a Matsayin Ginshiƙin Littafin Tsakiya: Tarken The Two Towers na J.R.R. Tolkien

1.0 Gabatarwa

Littafin da ke tsakiya a jerin littattafai uku yakan zo da wata matsala wadda ƴan'uwansa biyu ba su da ita. Na farko shi ke gabatar da taurari ya ƙulla rikici, na ƙarshe shi ke warware shi, shi kuwa na tsakiya ba a ba shi ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba. Mai karatu zai shige shi labari ya riga ya yi nisa, ya kuma fita ya bar labarin bai ƙare ba. Masu karanta littattafan Hausa na kasuwar Kano sun san wannan hali sarai, domin sau da yawa labari guda ake yankawa kashi-kashi, a tsaya daidai inda ran mai karatu ya fi ɗaukuwa, a ce masa sai a littafi na gaba. Wannan takarda ta ɗauki The Two Towers, wato Hasumiya Biyu, juzu'i na biyu na ƙagaggen labarin almara mai suna The Lord of the Rings, domin a ga abin da ke riƙe da irin wannan littafi. Ra'ayin da za a kare shi ne, duk da yaƙe-yaƙen da aka fi sanin littafin da su, manyan al'amuransa a bakin taurari suke aukuwa, kuma saboda haka ne ya dace da ɗalibin harshe.

2.0 Marubucin da Yadda Aka Raba Littafin

An haifi John Ronald Reuel Tolkien a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya tashi a Ingila, ya rasu a 1973. Malamin tsohon Ingilishi ne a Jami'ar Oxford, kuma ya halarci yaƙin Somme a Faransa a 1916. Ya rubuta wannan labari tsakanin 1937 da 1949 a matsayin littafi guda mai kashi shida. Kamfanin George Allen & Unwin na Landan ne ya raba shi uku saboda tsadar bugu, juzu'i na farko ya fito a watan Yuli na 1954, na biyu a watan Nuwamba na shekarar, na uku kuma a watan Oktoba na 1955. Ke nan The Two Towers yanki ne da mawallafa suka yanko, ya ƙunshi kashi na uku mai babi 11 da kashi na huɗu mai babi 10. Ko sunansa ma na dole ne, domin marubucin kansa ya yi ta sauya ra'ayi a wasiƙunsa kan ko waɗanne hasumiyoyi ake nufi, kafin a tsaya a kan Orthanc da Minas Morgul. Ɗaliban da suka fi sakewa da Faransanci za su same shi da sunan Les Deux Tours, a fassarar Francis Ledoux ta 1972 ko ta Daniel Lauzon ta 2015.

Ga wanda bai karanta juzu'i na farko ba, ga inda aka kwana. Akwai wani zobe na sihiri wanda azzalumi Sauron ya ƙera domin ya mallaki duniya, ba kuwa abin da zai hallaka zoben sai wutar dutsen da aka ƙera shi a ciki, a ƙasar Mordor. Zoben ya faɗo hannun Frodo, ɗan wani jinsi na gajerun mutane da ake kira Hobit. Mutum tara suka fito rakiyar wannan aiki. Jagoransu, masihirci Gandalf, ya faɗa rami a hanya, sannan jama'ar ta watse a bakin wani kogi.

3.0 Zubi da Tsari

Kashi na uku ya buɗe da mutuwar Boromir, ɗaya daga cikin taran, ya bi Aragorn da Legolas da Gimli suna bin sawun dodannin Orc da suka sace Hobit biyu, Merry da Pippin, tafiyar mil 135 a ƙafa cikin ƙasa da kwana huɗu. Daga nan sai ƙasar mahaya ta Rohan, da dawowar Gandalf, da yaƙin Helm's Deep, da faɗuwar maci amana Saruman. Duk wannan cikin kwana goma ya auku. A babi goma sha ɗayan nan ba a ga Frodo, babban tauraro, ko sau ɗaya ba. Sai da aka gama sannan kashi na huɗu ya koma baya ya ɗauko shi tare da baransa Sam, suna lalube cikin duwatsu.

Wannan tsari yakan ba sabon mai karatu haushi, kuma haushin yana da dalili: an ɗauke shi daga kan doki a guje an ajiye shi a fadama yana tafiya da ƙafa. Peter Jackson ya guje wa wannan a fim ɗinsa na 2002, ya riƙa sassaƙa labaran biyu cikin juna. Sai dai rabuwar tana da amfanin da fim ɗin ya rasa. Mai karatu yana cikin duhu iri ɗaya da Aragorn, wanda ke yaƙi bai san ko Frodo na da rai ba, sannan in ya koma wajen Frodo yana ɗauke da labarin nasarar da shi Frodo bai ji ba, yana kallonsa yana tafiya da zaton kowa ya hallaka.

Akwai kuma abin lura a yadda aka ba da labarin rushewar Isengard, sansanin Saruman. Ba a nuna shi yana aukuwa ba. Sai da ƙura ta lafa aka iske Merry da Pippin zaune a kan kango suna cin abinci suna shan taba, suka ba abokansu labari da irin bakinsu na raha. Marubucin da ke neman ya burge da faɗa ba zai yi haka ba.

4.0 Kowace Al'umma da Bakinta

Tolkien ya ce ƙagaggun harsunansa ne suka riga labarin zuwa, wato ya ƙirƙiro duniyar ne domin harsunan su sami masu magana da su. A wannan juzu'i aka fi ganin tasirin haka, saboda a nan ne ƴan tafiya suka yi ta cin karo da baƙin al'ummu, kowace kuma da maganarta ake fara saninta.

Mutanen Rohan an ba su tsohon Ingilishi, harshen da marubucin ke koyarwa. Sunan sarkinsu, Théoden, kalma ce ta wannan harshe mai ma'anar shugaban jama'a, sunayen Éomer da Éowyn kuma suna farawa da tushen da ke nufin doki. Isowar baƙi fadar, da yadda mai tsaron ƙofa ya sa suka ajiye makamai kafin su shiga, an gina su a kan irin wannan fage na tsohuwar waƙar Beowulf. Ciwon sarkin kuwa na kunne ne. Wani bafade mai suna Gríma, wanda laƙabinsa ke nufin harshen maciji, ya daɗe yana raɗa masa cewa ya tsufa, ya zauna a ɗaka, ya guji ɗan ƴar'uwarsa Éomer, har sarki ya tanƙware a kan kujera. Maganin ma magana ce: Gandalf ya rufe bakin bafaden, ya kira sarki ya fito ƙofar fada ya dubi ƙasarsa, ya ce ya riƙe takobi ya ji ko hannun zai tuna. Fim ya mayar da wannan tamkar cire aljani, ya kuma rage masa daraja da yin haka, domin duk wanda ya san fada ya san sarkin da magulmaci ya tsare wa kunne ba ya bukatar aljani kafin ya lalace.

Su kuwa Ent, makiyayan itatuwa, harshensu na jan lokaci ne. Dattijonsu Treebeard ya bayyana wa Hobit biyun cewa a wajensu sunan abu tarihin abin ne, saboda haka suna yakan yi ta tsawo muddin mai shi na raye. Ya yi mamakin yadda suka faɗi nasu sunayen ga baƙo ba tare da tunani ba. Taronsu na yanke shawarar yaƙi sai da ya shiga kwana na uku. Babin yana da tsawo, akwai masu karatu da ke tsallake shi, amma jinkirin shi ne ke ba fushinsu nauyi in ya tashi. Ɗalibin da ya nazarci kirari zai gane wannan tunani na suna mai ɗauke da tarihi ba tare da dogon bayani ba.

Dodannin Orc da suka sace Merry da Pippin ƙungiya uku ne, na Isengard da na Mordor da na duwatsun arewa, kuma kare-karen harshensu sun yi nisa da juna har ba sa fahimtar juna sai sun koma harshen gama-gari, kamar dai yadda Hausa ke haɗa mabambantan ƙabilu a kasuwa. Wannan ne ya ba Pippin damar jin gardamarsu, ya gane kansu a rabe yake, daga baya kuma shi da Merry suka yaudari ɗaya daga cikin shugabanninsu, Grishnákh, ta hanyar nuna masa kamar zoben na jikinsu. Kuɓutarsu ta faro ne daga wata matsala ta ilimin walwalar harshe.

Ƙololuwar kashi na uku ita ce babin muryar Saruman. An ci shi da yaƙi, an tsare shi a hasumiyarsa, ba abin da ya rage masa sai baki. Marubucin ya fara da bayanin yadda muryar ke aiki: mai sauraro yakan manta kalmomin, abin da zai tuna kawai shi ne daɗin da ya ji da kuma son ya yarda domin a ɗauke shi mai hikima. Saruman ya fara da sarki Théoden, ya yabi zuriyarsa, ya nuna kansa maƙwabcin da aka zalunta, ya yi tayin sulhu. Da Gimli da Éomer suka katse shi sai murya ta ɓaci na ɗan lokaci, ya sake gyara ta. Da sarki ya ƙi, ya lissafa masa yaran da aka kashe da gawar mai tsaron ƙofarsa da aka sassara, sai yabo ya juye zagi nan take, gidan da aka gama kambamawa ya zama bukkar ƴan fashi. Sannan ya juya ga Gandalf da wata murya dabam, ta manya biyu da ya kamata su shige ciki su bar yara a waje. Gandalf ya yi dariya, kuma dariyar ce ta karya sihirin kafin ya faɗi kalmar da ta karya sandar Saruman. Wannan babi ya isa darasi guda a kan dabarun jawo hankali, domin an nuna wa mai karatu dabarar tana aiki, an kuma nuna masa inda ɗinkinta yake.

5.0 Wasu Raunuka

Mata kusan babu su. Éowyn ta fito a shafuka kaɗan, ta miƙa ƙoƙon sha, aka bar ta ta jagoranci masu gudun hijira, sai juzu'i na uku za ta sami fili. Matan Ent sun ɓace tun da daɗewa, a labari da waƙa kawai ake ambatonsu. Dawowar Gandalf daga mutuwa ita ma ta rage zafin rashin da aka ji a juzu'i na farko.

Abin da mai karatu ɗan Afirka ba zai wuce ba shi ne yadda aka raba launi. Mutanen kirki daga yamma suke, farare dogaye, mayaƙan da ke zuwa taimakon Sauron daga kudu kuwa masu duhun fata ne, da giwayen yaƙi. Manazarta sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Masu kare marubucin sukan kawo wurin da Sam ya ga gawar wani sojan kudu ta faɗo kusa da shi, ya shiga tunanin ko mene ne sunansa, ko da gaske mugu ne, ko wace ƙarya ko barazana ta raba shi da gida. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma sakin layi ɗaya ne, kuma mutumin gawa ne. A littafin da itatuwa ke da harshe, dodanni ke da kare-karen harshe, ba a bar mutumin kudu ko ɗaya ya buɗe baki ba.

6.0 Gollum da Wakilin Suna

Kashi na huɗu na mutum uku ne: Frodo da Sam da Gollum, wata ƙanjamammiyar halitta da ta riƙe zoben kusan shekara 500 kafin ya kuɓuce mata. Asalinsa ɗan dangin Hobit ne mai suna Sméagol. Yana bin su domin ya ƙwace zoben, suka kama shi, Frodo ya ji tausayinsa ya ƙi kashe shi, ya sa shi ya rantse zai yi wa mai zoben hidima, ya mai da shi ɗan jagora. Shi ya ratsa da su ta fadamar matattu, inda fuskokin mayaƙan dā ke kwance a ƙarƙashin ruwa, wurin da Tolkien ya amsa a wata wasiƙa ta 1960 cewa yana da alaƙa da abin da ya gani a arewacin Faransa bayan yaƙin Somme.

An gina Gollum da nahawu. Ba ya cewa "ni". Yakan ce "mu", wato shi da zoben ko shi da ɗaya rabin nasa, ko kuma ya kira kansa da suna kamar yana zancen wani. Sai jefi-jefi wakilin suna na mutum na farko tilo ke fitowa daga bakinsa, kuma an faɗa a fili cewa Frodo ya lura da haka, ya ɗauke shi alamar cewa ragowar gaskiyar tsohon Sméagol ce ta taso. Da zarar mai karatu ya san wannan sai ya koma yana sauraron wakilan suna kamar mai auna zazzaɓi. Frodo na kiransa Sméagol, sunan da ya yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya kira shi da shi, Sam kuwa ya raɗa wa ɓangarorinsa biyu sunayen zambo. Ga mai son gwada fassara zuwa Hausa akwai tarko a nan, domin "mu" a bakin mutum guda jam'in girma ne a Hausa, irin na sarki ko babban malami. In ba a yi hattara ba sai Gollum ya fito da rawani, alhali rabuwar hankali ake son nunawa.

Haɗuwarsu da Faramir, ƙanen Boromir, ita ma gwajin baki ce. Faramir ya yi wa Frodo tambayoyi a gaban mayaƙansa, da ya ga zancen ya doshi abin da bai kamata a ji ba sai ya karkatar da shi da kansa. Frodo ya tsare sirrin, amma Sam, bayan ya ci ya sha ya saki jiki, ya yi suɓul da baka ya ambaci zoben. Faramir ya riga ya faɗi cewa ko a gefen hanya ya tsinci makamin maƙiyi ba zai ɗauka ba, tun bai san mene ne ba, sai ya riƙe wannan magana tasa a matsayin alkawari ya sallame su. Wasu na ganin ya cika tsarki har ba a yarda da shi, shi ya sa fim ya sauya shi. Amma a littafin da Gollum ke neman ƙofar da zai bi ya kauce wa rantsuwarsa, ana bukatar mutum guda da maganarsa ta ɗaure shi. A nan ne kuma Frodo ya yi abin da ya ɓata tsakaninsa da Gollum: domin ya cece shi daga kibau a bakin wani tafki da aka haramta, ya kira shi da murya mai laushi har aka kama shi. Niyyar ceto ce, amma a kunnen Gollum maigida ya yi ƙarya.

A kan matakalar Cirith Ungol, hanyar sirri ta shiga Mordor, Frodo da Sam suka zauna hutawa suna hira a kan labaran dā. Sam ya lura cewa mutanen cikin labari ba su san ƙarshensa ba, kuma sun sami damar komawa gida ba su koma ba, sannan ya gano cewa su ma a cikin tsohon labarin suke, bai ƙare ba. Wato littafin tsakiya ne ke bayyana halin da yake ciki ta bakin bara. Suka yi barci. Gollum, wanda ya riga ya je ya shirya cin amanarsu, ya dawo ya same su, ya tsaya yana kallo, hasken mugunta ya mutu a idonsa, ya miƙa hannu yana rawa ya taɓa gwiwar Frodo kamar mai shafa. Sam ya farka ya gan shi a kan maigidansa, ya daka masa tsawa ya kira shi mai laɓe-laɓe. Ya nemi afuwa daga baya, amma magana zarar bunu ce. Gollum ya ɗauki kalmar ya yi ta maimaita ta, ya kai su ramin. Tolkien ya rubuta a 1963 cewa a ganinsa wannan na iya zama wuri mafi ban tausayi a labarin duka. Ba a zare takobi ba, bai fi shafi biyu ba, kuma Sam bai taɓa sanin abin da ya rushe ba. Ba za a ce ya yi laifi kai tsaye ba, tunda ya taɓa jin Gollum na gardama da kansa a kan ƙwace zoben, kuma zarginsa gaskiya ne. Mai karatu kaɗai aka bari da sanin cewa a wannan minti ɗaya zargin bai dace ba.

Abin da ke jiran su a ramin shi ne Shelob, wata ƙatuwar gizo-gizo. Ɗalibin Hausa ya kiyayi kwatanta ta da Gizo na tatsuniya, wanda da baki yake ci, ko da tsamin bakinsa. Shelob ba ta furta kalma ko ɗaya ba, ba ta son zobe ko mulki, ci kawai ta sani, saboda haka ba a iya lallashinta ko yaudararta kamar sauran. Ta sari Frodo, Sam ya ji mata rauni ta janye, ya duba maigidansa ya ga ba numfashi. Babin ƙarshe gardama ce tsakanin Sam da zuciyarsa, har ya yanke shawarar ɗaukar zoben ya ci gaba shi kaɗai. Sai ga dodanni sun zo sun ɗauke Frodo. Sam ya sa zoben ya ɓace, ya bi su, kuma da zoben a yatsa ya riƙa fahimtar harshensu. Daga hirar shugabanninsu biyu, Shagrat da Gorbag, masu gunaguni kan manyansu kamar kowane ƙaramin hafsa, ya ji cewa dafin Shelob sumarwa yake yi, ba ya kisa. Ya ruga, ƙofar ƙarfe ta rufe a gabansa, Frodo na ciki da rai a hannun maƙiya. Waɗanda suka sayi littafin a watan Nuwamba na 1954 sai da suka jira wata goma sha ɗaya kafin su san abin da ke bayan ƙofar.